Cikin fari da faɗuwar gaba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Shekarata 23, ina ɗauke da cikin fari, yanzu ya shiga mako na 26. A wurin awo sun ce komai lafiya lau, jinina bai hau ba, sikanin ma ya nuna ɗan yana nan daidai. Amma ni hankalina ya ƙi kwanciya. Da rana da sauƙi, ina hidimata ina mantawa. Da zarar na kwanta da dare sai gabana ya dinga faɗuwa, zuciyata na bugawa kamar za ta faso ƙirjina, numfashi ma in ji kamar bai isa ba. Daga nan sai in jawo waya in shiga intanet, in karanta labarin wadda ta rasu wurin haihuwa ko wadda aka yi wa aiki, wani lokaci har asuba. In ɗan ya ɗan yi shiru sai in ce shi ke nan ya mutu. Na gaya wa yayata, ta ce in daina sa wa kaina tunani, kowace mace ma haka ta haihu. Ba na son shan magani saboda abin da ke cikina. Me zan yi? Kuma wannan damuwar tawa za ta cutar da shi?
Daga wata mai cikin fari.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya raba lafiya, ya sa mu ji alheri.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na lura ita ce ta fi cin ki a rai: kina tsoro, sannan kina tsoron tsoron kansa. Dararen nan da kika yi ido biyu ba su taɓa ɗanki ba. Yana can cikin ruwansa yana juyinsa yana barcinsa, bai san abin da kika karanta a waya ba. Abin da likitoci ke sa wa ido shi ne damuwa mai tsanani da ta ɗauki watanni ba a kula da ita ba, irin wadda ke hana mace ci da barci da zuwa awo. Wannan kam an ga tana da alaƙa da haihuwa kafin lokaci da haihuwar jariri mara nauyi. Shi ya sa ake son a nemi taimako da wuri, ga shi kuma kin nema.

Yayarki tana ƙaunarki, amma shawararta ba za ta yi miki aiki ba. In na ce miki yanzun nan kada ki tuna akwai harshe a bakinki, ai sai ki ji ya cika bakin. Tunani ma haka yake, da an ce a kore shi sai ya gyara zama. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 5 kan yi fama da fargaba ko ciwon damuwa a lokacin goyon ciki ko cikin shekarar da ta biyo bayan haihuwa. Ki tuna da wannan in kika zauna a layin awo kina kallon sauran mata kamar su ba abin da ya dame su.

Bugun zuciyar nan da kike ji ba ƙirƙirarsa kika yi ba. Mai ciki jininta na ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin 100 kafin ta haihu, zuciyarta kuma na ƙara bugu 10 zuwa 20 a minti ɗaya don ta iya zagaya da shi. Sinadaran ciki na sa mace ta ji tana buƙatar jan numfashi mai zurfi, ga mahaifa na girma tana turo komai sama. Da rana hayaniya ta rufe duk wannan. Da dare kuwa, gida ya yi tsit, sai ki jiyo zuciyarki na aikinta, ƙwaƙwalwa ta ce akwai matsala, jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, ƙwaƙwalwa ta ce ai kin gani. A haka ake kwana. Sai dai kafin mu ɗora wa tsoro laifin komai, ki gaya wa malamar awo wannan bugun zuciya da ƙarancin numfashi, ki nemi a duba yawan jininki. Ƙarancin jini ya yi yawa a masu ciki, kuma yana kawo waɗannan alamu sak. Haka ma in ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod ta yi aiki fiye da kima. In ɗaya daga cikinsu ne, duk numfashin da zan koya miki ba zai maye gurbin maganinsa ba.

In an duba babu, to sai mu bi ta hanyar jiki, tunda shi ya fi tunani jin magana. Ki zauna ki jingina, ko ki kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyinki. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan ciki. Ki shaƙi iska ta hanci kina ƙirga 4 a zuci, sannan ki sake ta ta baki a hankali, leɓe a tsuke kamar mai hura abu mai zafi a cokali, kina ƙirga 6. Kada ki riƙe numfashin a tsakani, kada kuma ki cika huhu da ƙarfi, don hakan kan sa jiri. Sirrin yana wurin fitarwar. Duk lokacin da mutum ke fitar da numfashi zuciyarsa na ɗan rage gudu, in aka tsawaita fitarwar sai jiki ya ɗauka hatsarin ya wuce. Za ki ga kina yin numfashi kamar 6 a minti ɗaya. Minti 5 ya isa, sau biyu a rana. Na ce a rana fa, lokacin da hankalinki ke kwance. Mata da yawa kan dawo su ce min, "Anti, na gwada bai yi ba," in na bincika sai in tarar ba su taɓa gwadawa ba sai da firgicin ya riga ya kama su da tsakar dare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki ba shi mako biyu kina yi kullum kafin ki yanke masa hukunci, kuma ki sani shi ne dai za ki riƙe a hannu ranar naƙuda.

Lokacin da na ɗauki cikina na fari na riga na karɓi haihuwar da ban san adadinta ba. Sai ki ce ilimin zai kwantar min da hankali. Ina! Duk wata matsala da na taɓa gani a ɗakin haihuwa sai ta zo ta zauna min a bakin gado da ƙarfe 3 na dare. Wata rana ina auna jinin wata mai ciki hannuna na rawa, babbarmu a wurin aiki ta hango. Ba ta tanka ba sai da aka tashi. Ta zaunar da ni, ta dafa kafaɗuna biyu ta danna ƙasa, ta ce, "Tun yaushe kike yawo da waɗannan a kunnenki?" Wallahi sai a lokacin na ji yadda wuyana ya sandare, haƙorana a cije, yatsuna a dunƙule. Watanni ina haka ban sani ba. Abin da ta koya min a ranar wani likita ɗan Amurka mai suna Edmund Jacobson ne ya tsara shi tun shekarun 1920: ki matse gaɓa ɗaya da gangan na daƙiƙa 5, ki sake ta, ki tsaya ki ji bambancin. Ki dunƙule hannu ki sake. Ki ɗaga kafaɗu zuwa kunne ki bar su su faɗo. Ki yamutse fuska ki sake, har baki ya ɗan buɗe. Cikin kam ki ƙyale shi, kada ki matse. Ƙafa kuma kada ki miƙe yatsunta gaba, masu ciki ba su da wuyar ɗaurewar jijiyar sha-raɓa. Ki jawo su wajenki.

Yanzu maganar waya. Macen da ta haihu lafiya ta koma gida da ɗanta ba ta da lokacin rubuta labari, tana can tana fama da shayarwa. Wadda abin ya zo mata da wahala ita ake ba da labarinta, shi ake yaɗawa, kuma manhajojin nan an gina su ne su ƙaro miki irin abin da kika tsaya a kansa. Kin kalli ɗaya, gobe goma na jiran ki. Ki bar wayar tana caji a wani ɗaki. In ba ki yarda da kanki ba, ki miƙa wa maigidanki ya ajiye. Akwai kuma wayar da ke da ƙafa, wato matan da ba sa ganin mai ciki sai sun kwance mata jakar labarin naƙudar kwana uku. Ba mugunta ba ce, su ma abin ne bai gama fita daga ransu ba. Ki yi murmushi ki ce, "Don Allah ki ajiye min labarin nan sai na sauka." Ba rashin kunya ba ne.

A madadin wayar ki samu ɗan littafi da biro. Ki ware minti 15 da yamma, a zaune, ba a kan gado ba, ki rubuta duk abin da ke ba ki tsoro komai muninsa. In tunani ya zo da dare sai ki ce masa gobe da yamma, ki rubuta kalma ɗaya don kada ki manta, ki koma numfashinki. Da farko zai yi gardama, daga baya ya saba. In kika duba abin da kika rubuta za ki ga iri biyu ne. Akwai tambayar da ke da amsa a bakin ungozoma, akwai kuma "in kaza ya faru fa?" da babu mahaluƙin da zai amsa miki. Ta biyun wurinta addu'a da numfashi, sai ki rufe littafin. Ta farkon ki tafi da ita awo. Ba na manta wata yarinya da ta zo min da tambayoyi 11 a bayan katinta na awo, rubutu ƙanana kamar tururuwa. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, ta juyo ta rage murya ta ce akwai wata da ba ta rubuta ba: wai da gaske ne mace kan yi bayan gida wurin yunƙurin haihuwa a gaban mutane? Ashe wannan ce ta hana ta barci wata guda. Na ce mata da gaske ne, yakan faru sosai, alama ce ma ta cewa tana yunƙurin daidai, mu kuma mukan share mu ci gaba ba tare da ko ɗaga kai ba. Ta yi dariya har da hawaye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, 'yata. Babu tambayar da za ki yi da ba mu taɓa ji ba.

Tsoro ɗaya ne ba zan ce ki kwantar ba, shi ne na motsi. Ɗan ciki yana barci, galibi minti 20 zuwa 40, da wuya ya wuce minti 90, don haka shirun 'yan mintoci ba komai ba ne. A makonnin nan da kike ciki za ki fara gane al'adarsa, lokacin da ya fi harbi da lokacin da yake lafawa, motsin zai yi ta ƙaruwa har wajen mako na 32, kuma ba ya raguwa don haihuwa ta matso, duk da haka ake faɗa. In kika ji motsin ya ragu ko ya sauya daga yadda kika saba, ki tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, kada ki jira gari ya waye. Haka in kika ga jini, ko ruwa na zuba, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko fuska da hannu sun kumbura farat ɗaya, ko zazzaɓi, ko ciwon ciki mai tsanani. Ki rubuta su a shafin farko na littafinki. Amfaninsu biyu ne: in kin ga ɗaya kin san abin yi, in kuma dare ya yi kika duba babu ko ɗaya, kina da hujjar juyawa ki yi barci. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. Kada ki tsallake ko ɗaya, kuma duk zuwa ki roƙa a bar ki ki ji bugun zuciyar ɗan. Yakan kai 110 zuwa 160 a minti, sauri kamar sukuwar doki. Na sha ganin kafaɗun mace sun sauka a daidai lokacin da sautin ya fito.

Ita kanta naƙudar, rashin sani ya fi dare duhu. A shekarun 1930 wani likita ɗan Ingila, Grantly Dick-Read, ya yi ta nanata cewa tsoro na sa jiki ya ɗaure, ɗaurewar kuma na ƙara zafi, zafin ya ƙara tsoro. Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, don ya so ya nuna kamar in babu tsoro babu ciwo, ni kuwa na haihu, na san akwai ciwo. Amma ya yi gaskiya cewa macen da ta san abin da ke faruwa a jikinta ta fi iya ɗauka. Ranar da aka rubuta miki a kati kintace ce, jariri kamar 1 cikin 20 ne ke zuwa a ranarsa. Daga mako na 37 zuwa na 42 duk lokaci ne. Bakin mahaifa zai buɗe har santimita 10. Farkon buɗewar a cikin fari na da jan rai, yana iya cin yini ko fiye, kuma ba alamar matsala ba ne. Daga santimita 5 zuwa cikar buɗewa, a haihuwar fari, galibi ba ya wuce awa 12. Ciwon ba a jere yake ba: ya taso, ya kai ƙarshensa, ya sauka cikin kamar minti ɗaya, sannan ki samu hutu. Ki nemi a nuna miki ɗakin haihuwar tun yanzu, ki ga gadon da idonki. Ki kuma tambaya ko suna barin mace ta shiga da wanda ta zaɓa ya tsaya mata, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin shawarwarinta.

Saura ƙananan abubuwa da kowa ya sani amma ba a yi. Tafiya a ƙafa, in likita bai hana ki ba, minti 150 a mako, wato rabin awa sau 5, da saurin da za ki iya hira amma ba za ki iya waƙa ba. Kafeyin da ke cikin kofi da shayi da lemon kola kada ya wuce miligiram 200 a rana, kimanin kofi biyu na kofi, kuma ke da ke fama da bugun zuciya gara ki bar shi daga azahar. Daga mako na 28 ki riƙa kwanciya ta gefe. Duk wani jiƙo ko ƙwaya da aka ce miki ai ganye ne, yana sa barci, kada ki kai bakinki sai kin tambaya.

In kika yi duk wannan mako biyu zuwa uku abin bai sassauta ba, ko fargabar ta fara bin ki har rana, ba ci ba barci, ko firgici na kama ki har ki ji kamar ranki zai fita, ko kika fara jin gara ma ba kya raye, to ki faɗa wa likita ko ungozoma da bakinki, a fili. Akwai magani na zama a tattauna, inda ake koya wa mutum kama tunaninsa ya auna shi da gaskiya, kuma yana aiki. A ƙauyukan Pakistan an gwada koya wa ma'aikatan lafiya na unguwa irin wannan tattaunawa da masu ciki da ke da ciwon damuwa, aka buga sakamakon a 2008, ya yi kyau har Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi littafin jagora a 2015. In kuma likita ya ga sai an haɗa da ƙwaya, ki saurare shi kafin ki ce a'a. Ki sake rubuto min bayan awonki na gaba, ina son jin abin da gwajin jinin ya nuna.

TAMBAYA: Anti, matata na da ciki wata 7, na farko. Kusan kullum sai ta yi kuka tana cewa, "In na mutu wurin haihuwa fa?" Ina ce mata ta bar wannan magana, babu abin da zai faru, sai ta yi fushi ta ce ban damu da ita ba. Ni kuma wallahi maganar ce ke tayar min da hankali.
Daga wani magidanci.

AMSA: Ɗana, ka faɗi gaskiyar a jimlarka ta ƙarshe: kai ma tsoro kake ji, shi ya sa kake saurin toshe maganar. Ita kuwa da ka ce babu abin da zai faru, ta san ba ka da tabbas, sai ta ji kamar ka rufe mata ƙofa. Nan gaba in ta faɗa, ka ajiye abin da ke hannunka, ka zauna kusa da ita ka ce, "Me ya fi ba ki tsoro a ciki?" Sai ka yi shiru. Shirun zai yi maka nauyi, ka daure. Sau da yawa za ka tarar wani abu takamaimai ne, kamar kada naƙuda ta zo ba ka gida, ko a rasa abin hawa da dare, ko a nemi jini babu. Waɗannan kuwa aikinka ne. Ku zauna tare ku tsayar da asibitin da za a je, da wanda zai kai ku ko ƙarfe nawa ne, da wanda zai ba da jini in an buƙata, ku haɗa jakar haihuwa ku ajiye inda za ta riƙa ganinta. Ka raka ta awo ko sau ɗaya ka ji bugun zuciyar ɗanka. Da dare ka matsa mata kafaɗu da ƙugu a hankali, ku yi numfashin da na bayyana a sama tare, kai kana ƙirgawa. Abu ɗaya za ka sa wa kunne: tsoron mutuwa daban, son mutuwa daban. In ka ji maganarta ta koma "gara in mutu" ko "kun fi samun sauƙi ba ni," kada ka bar ta ita kaɗai, ka kai ta wurin likita a ranar.

TAMBAYA: Shekara biyu ke nan ina shan maganin fargaba da likita ya rubuta min. Yanzu na gano ina da ciki na mako 7. In daina in koma waɗannan hanyoyin da ba na magani ba?
Daga wata amarya.

AMSA: Kada ki daina da kanki, 'yata, ko na kwana ɗaya. Yanke irin waɗannan magunguna farat ɗaya kan kawo jiri da tashin zuciya da rashin barci, ciwon kuma ya dawo da ƙarfinsa a lokacin da kika fi buƙatar natsuwa. Wasu ana ci gaba da su har a haihu, wasu a sauya su, wasu a rage a hankali, kuma wanda ya san tarihinki ne zai zaɓa. Numfashi da tafiya da littafin rubutu ki fara su yau, ba sa faɗa da magani. Ki ga likitanki cikin makon nan, ki tafi da kwalin maganin a hannu don ya ga sunansa da yawan da kike sha.